Tallafin Fari a Gundumar Cimarron: Tarihin Agajin da Ya Ƙi Ƙarewa

A can ƙuryar yammacin jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka akwai wata gunduma mai suna Cimarron. Gunduma a tsarin mulkin Amurka ita ce kwatankwacin ƙaramar hukuma, sai dai wannan ta fi jihar Legas faɗin ƙasa, domin ta haura murabba'in kilomita 4,700. Ƙidayar jama'a ta shekarar 1930 ta sami mutum 5,408 a cikinta. Ta shekarar 2020 kuwa mutum 2,296 ta tarar. Tun daga 1933 zuwa yau, da wuya a sami shekarar da baitulmalin tarayya bai aika wa gonakin wannan gunduma kuɗi ba, wani lokaci da sunan rage noma, wani lokaci da sunan kare ƙasa daga zaizaya, wani lokaci kuma da sunan inshora ko agajin fari kai tsaye. Gonakin suna nan, ana shuka alkama da dawa, ana kiwon shanu. Mutanen ne suka ragu da fiye da rabi.

Dalilan wannan raguwa suna da yawa, kuma injin noma, wanda ya sa mutum ɗaya yake yin aikin mutum goma, yana kan gaba a cikinsu. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, wato wata shawara da aka yanke cikin gaggawa a shekarun 1933 da 1934, cewa za a riƙa auna agajin manomi da yawan ekar da ya mallaka da adadin shanun da ke garkensa. Ba a auna shi da yawan bakin da ke cin abinci a gidansa ba. An yi nufin tsarin ya ɗauki shekara biyu ko uku, har ruwan sama ya dawo. Ga shi ya shekara casa'in, kuma ma'aunin bai canza ba.

Kafin wannan lokaci, ra'ayin da ya fi rinjaye a Washinton shi ne fari ba matsalar gwamnatin tarayya ba ce. A watan Fabrairun 1887 Majalisar Dokoki ta amince da dala 10,000 kacal domin a sayo iri a raba wa manoman Tekzas da fari ya cinye amfaninsu. Shugaba Grover Cleveland ya ƙi sa hannu. Hujjarsa ita ce kundin tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba, kuma jama'a ne ya kamata su ɗauki nauyin gwamnati, bai kamata gwamnati ta ɗauki nauyin jama'a ba. Ya ƙara da cewa agajin tarayya yana kashe zuciya, yana kuma rage tausayin maƙwabci ga maƙwabci. Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya an soma ba da rancen iri jefi-jefi, amma rance ne, sai an biya.

Ko a 1930, lokacin da wani mummunan fari ya auka wa jihar Arkansas da maƙwabtanta, Shugaba Herbert Hoover ya tsaya a kan cewa ciyar da mayunwata aikin ƙungiyar Red Cross ne. Majalisa ta ware dala miliyan 45 a watan Disamba na shekarar, amma rance ne na sayen iri da taki da abincin dabbobi, ban da abincin mutane. Masu suka suka ce gwamnati ta yarda ta ciyar da alfadari, ta ƙi ciyar da ɗan mai alfadarin. A farkon Janairun 1931 ɗaruruwan manoma suka dunguma zuwa wani ƙaramin gari a Arkansas mai suna England, suka tsaya a ƙofar kantuna suna neman abincin da za su kai wa iyalansu. Labarin ya bazu a jaridu, kuma yana cikin abubuwan da suka zubar wa Hoover da mutunci kafin zaɓen 1932.

Yadda aka kafta ciyawar

Cimarron ba ƙasar noma ba ce tun asali. Ruwan da take samu a shekara kimanin milimita 450 ne, adadin da ba zai ba mutumin Damagaram mamaki ba, ga kuma iska mai kaɗawa kusan kullum a fili fetal wanda babu itacen da zai tare ta. Abin da ya riƙe ƙasar dubban shekaru shi ne gajeriyar ciyawa mai saiwa a sarƙe, wadda ɓaunar Amurka take ci, kabilun Comanche da Kiowa kuma suke farautar ɓaunar, kafin a kore su a ƙarni na sha tara. Tun a 1878 wani masanin ƙasa mai suna John Wesley Powell ya gargaɗi gwamnati cewa eka 160 da doka take bai wa kowane mai neman gona ba za ta riƙe iyali ba a busassun yankunan yamma. Ya ba da shawarar a ba da eka 2,560 domin kiwo. Ba a saurare shi ba.

Hedkwatar gundumar ma, wato garin Boise City, a kan yaudara aka kafa ta. A 1908 wasu dillalan filaye suka buga takardun talla masu nuna tituna da layin itatuwa da rijiyoyi, suka sayar da fulotai ga mutanen da ba su taɓa taka wurin ba. Da masu saye suka iso, ba su tarar da komai ba sai ciyawa da iska. An ɗaure dillalan, amma wasu daga waɗanda aka cuta sun zauna.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya lissafi. Turai tana buƙatar alkama, gwamnatin Amurka kuma ta lamunce wa manoma farashin da bai gaza dala 2 ba kan kowane bushel, wani ma'auni da ke ɗaukar kusan kilo 27 na alkama, wato huɗunsa sun ɗan haura buhu mai kilo 100. Bayan yaƙin sai tarakta ta yi araha, layin dogo ya iso Boise City a tsakiyar shekarun 1920, damina kuma ta yi ta yin kyau shekara bayan shekara. Aka kafta miliyoyin ekoki na ciyawa a kudancin wannan fili. Har wani rukuni na manoma ya ɓullo, waɗanda ake yi wa laƙabi da manoman akwati: malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa daga wani gari mai nisa, ya zo da akwatin kayansa ya yi mako biyu ya shuka, ya koma, sai lokacin girbi a sake ganinsa. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya, domin tarayyar da daga baya ta biya kuɗin gyara, ita ce da farko ta ba da filin, ta kuma lamunce farashin da ya sa aka kafta shi.

Shekarar 1931 ta zo da amfanin da ba a taɓa ganin irinsa ba, a daidai lokacin da kasuwar duniya ta rushe. Bushel ya faɗo ƙasa da senti 40, a wasu kasuwannin yankin ma har senti 25. Aka jibge alkama a ƙasa kusa da tashar jirgi, babu mai saye. Daga nan ruwa ya ɗauke. Manoman akwati suka daina zuwa, suka bar gonakinsu tsirara, iska ta soma kwashe ƙasar tana zubawa a gonakin waɗanda suka zauna. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu 1935 wata baƙar guguwa ta rufe yankin har rana ta koma dare, kuma a rahoton da ɗan jarida Robert Geiger ya aika bayanta ne sunan Dust Bowl, wato kwanon ƙura, ya fara fitowa. Yara da tsofaffi suka yi ta kamuwa da ciwon huhu saboda shaƙar ƙura. Manoman Cimarron suka koma yankan wata ƙaya da ke tsirowa a kangon gona suna ba shanu, don babu sauran ciyawa. Hoton da ya fi shahara a duk wannan zamani, na wani manomi da 'ya'yansa biyu suna kutsawa cikin ƙura a gaban wata bukka da yashi ya binne rabinta, a Cimarron Arthur Rothstein ya ɗauke shi a 1936.

Kuɗin farko

Abin mamaki, kuɗin da ya fara ceton manoman alkama daga fari ba domin fari aka tsara shi ba. Dokar daidaita harkar noma ta watan Mayun 1933, wadda ta kafa hukumar da aka fi sani da AAA, an yi ta ne domin maganin yawan amfani da faɗuwar farashi. Manomin alkama zai sa hannu cewa zai rage ekar da yake shukawa da kashi 15 cikin ɗari, a biya shi kusan senti 28 kan kowane bushel na wani kaso na abin da ya saba girbewa a shekarun baya. Kuɗin kuma yana fitowa ne daga harajin da aka ɗora wa masu injin niƙa. Muhimmin abu a nan shi ne, ana biya ko an girbe ko ba a girbe ba, tunda da tarihin gonar ake lissafi. A jihohin da ruwa yake sauka, wannan ƙari ne a kan kuɗin amfani. A Cimarron kuwa, inda iska ta riga ta rage noman fiye da yadda gwamnati ta nema, cekin AAA shi ne kusan dukan abin da gonar alkama take kawowa gida.

To amma wa ya fi samu? Wanda ya fi kafta ciyawa a shekarun albarka, shi ne mai tarihin girbi mafi girma, don haka shi ne mai ceki mafi kauri. Wanda ya yi taka-tsantsan ya bar rabin filinsa a ciyawa, ladansa kaɗan ne. Manomin akwati da ya gudu ya bar gonarsa tana binne ta maƙwabci, shi ma yana da haƙƙin karɓa. Mai hayar gona sai dai ya raba da mai ƙasa, ɗan ƙodago kuwa ba ya cikin lissafin sam. A yankunan auduga na kudu abin ya fi muni, domin masu ƙasa da yawa sun karɓi cekin sun sayi tarakta, sannan suka sallami masu hayar da suke noma musu. Yawancin mutanen Oklahoma da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya a wancan lokaci daga irin waɗannan yankuna suka fito, ba daga tsakiyar kwanon ƙurar ba, duk da cewa tunanin jama'a ya haɗe labaran biyu wuri guda.

Shirin da aka yi domin fari kai tsaye ya zo a bazarar 1934. A watan Yuni Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi Majalisa ta ba shi dala miliyan 525 na agajin fari, kuma babban ɓangaren aikin shi ne sayen shanun da yunwa take kashewa. Likitan dabbobi da mai ƙiyasta farashi sukan zo gona tare. Saniyar da take da sauran ƙarfi a loda ta a jirgi zuwa mayanka, a zuba naman a gwangwani a raba wa marasa aikin yi a birane. Wadda ta rame ƙwarai a harbe ta nan take a binne. Farashin yana kamawa daga dala 4 na ɗan maraƙi zuwa dala 20 na babbar saniya. Kafin a rufe shirin a farkon 1935 an sayi shanu kusan miliyan 8.3 a faɗin ƙasar a kan kimanin dala miliyan 111, kuma kusan ɗaya cikin biyar harbe su aka yi. Dubbai daga cikinsu na Cimarron ne. Duk wanda ya san matsayin saniya a zuciyar makiyayi zai fahimci dalilin da ya sa tsofaffin yankin, shekaru da yawa bayan haka, suka fi tuna ƙarar bindigar fiye da cekin.

Akwai wata dabara a cikin wannan shiri da ta cancanci a tsaya a kanta. Yawancin shanun an riga an jinginar da su ga banki, don haka da an biya kuɗin a dunƙule, banki ne zai kwashe duka. Sai masu tsara shirin suka raba farashin gida biyu. Kaso na farko kuɗin saye ne, wanda ake rubutawa da sunan manomi da mai bin sa bashi tare. Kaso na biyu, daga dala 3 zuwa dala 6 kan kowace dabba, na manomi ne shi kaɗai, kuma sai mai bin bashi ya sa hannu cewa ba zai taɓa shi ba. Wannan yana nuna cewa jami'an sun san sarai agajin da aka rataya a kan dukiya yakan zarce zuwa aljihun wanda yake riƙe da takardar dukiyar, kuma sun san yadda za a toshe ƙofar in an so. Sun toshe ta a wannan karo. A shirye-shiryen da suka biyo baya ba a cika damuwa da hakan ba.

Wani abin da aka gada daga wannan zamani shi ne kwamitin gunduma. Washinton ba ta da ma'aikatan da za su auna kowace gona, saboda haka aka ce manoman kowace gunduma su zaɓi wakilai daga cikinsu, su tantance wanda ya cancanta da adadin da zai samu. A shirin alkama har a jaridar gari ake buga alƙaluman da kowa ya gabatar, domin maƙwabcin da ya san gaskiya ya tona wanda ya yi ƙari. A wuri kamar Cimarron, inda kusan kowa ya san kowa kuma jama'ar iri ɗaya ce, tsarin ya yi aiki daidai gwargwado. A jihohin kudu maso gabas, inda kwamitocin suka kasance a hannun fararen fata masu ƙasa, sai ya zama mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Baƙaƙen fata manoma sun shekara da shekaru ana jinkirta musu rance da kuɗin agajin bala'i, ko a hana su ɗungurungum. Sai a 1997 wani manomi daga jihar Karolina ta Arewa, Timothy Pigford, ya jagoranci ƙarar ma'aikatar noma. An sasanta a 1999, aka biya kusan dala biliyan 1, sannan a 2010 aka amince da ƙarin dala biliyan 1.25 ga waɗanda suka makara. A lokacin da kuɗin ya iso, da yawa sun riga sun rasa gonakin. Kwamitocin kuwa suna nan har yau a ƙarƙashin hukumar kula da gonaki ta ma'aikatar.

A watan Janairun 1936 Kotun Ƙoli ta soke harajin da AAA take dogaro da shi. Cikin ƙasa da wata biyu Majalisa ta maido da biyan kuɗin ta wata ƙofa, da sunan kare ƙasa daga zaizaya, aikin da Hugh Bennett ya daɗe yana wa'azinsa kuma aka kafa masa hukuma a 1935. Yanzu sai a biya manomi don ya yi kunyoyi masu tare iska, ko ya shuka ciyawa a maimakon alkama. Wasu jami'ai sun so a wuce nan, a saye filayen da ba su dace da garma ba a kwashe mutanen. An sayi wasu, kuma gandun ciyawa na Rita Blanca, wanda wani ɓangarensa yake cikin Cimarron, daga nan ya samo asali. Amma mazauna yankin sun tsani wannan shawara. A garin Dalhart da ke maƙwabtaka, editan jarida John McCarty ya kafa ƙungiyar da mambobinta suka yi rantsuwar cewa su ne za su zama na ƙarshen barin wurin. 'Yan siyasa suka gane cewa aika ceki ya fi kwashe masu jefa ƙuri'a sauƙi. Duk da haka Cimarron ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arta a shekara goma, domin ƙidayar 1940 mutum 3,654 ta samu.

Masana tarihi har yanzu ba su daina gardama a kan wanda ya jawo bala'in ba. Donald Worster, wanda ya ɗauki Cimarron a matsayin ɗaya daga gundumomi biyu da ya yi wa nazari mai zurfi a littafinsa na 1979, ya ɗora laifin a kan al'adar neman riba da ta ɗauki ƙasa tamkar ma'adinin da za a haƙe a wuce, ya kuma zargi agajin Roosevelt da ɗaure wa wannan al'ada gindi maimakon ya canza ta. Geoff Cunfer ya bi alƙaluman gundumomi ya ce tsananin fari da zafi sun fi garma bayyana inda ƙura ta tashi. Masana tattalin arziki Zeynep Hansen da Gary Libecap kuwa sun ce ƙananan gonaki ne suka fi barin ƙasa a buɗe, domin mai ƙaramin fili ba zai iya hutar da rabinsa ba. Wannan ra'ayi na ƙarshe yana da ɗaci ga mai kishin ƙaramin manomi, domin in ya tabbata, to haɗiye ƙananan gonaki da tallafin ya taimaka wajen yi yana cikin abin da ya kwantar da ƙurar.

Daga gaggawa zuwa al'ada

Tun a 1938 aka so a maye gurbin agaji da inshora, aka kafa kamfanin tarayya na inshorar amfanin gona, aka fara da alkama. Ya yi ta tafka asara, saboda manoman da suka ga alamar ƙasa ta bushe su ne suke rububin saye, waɗanda suka ga alamar damina mai kyau kuma su ƙi. Majalisa ta dakatar da shi a 1943, ta farfaɗo da shi, sannan ta rage shi zuwa gwaji. A halin da ake ciki ruwa ya dawo, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaga farashi, aka sake kafta filaye, fari ya sake dawowa a shekarun 1950, aka sake biyan manoma su mayar da gona ciyawa. An maimaita wannan zagaye bayan hauhawar farashin hatsi ta shekarun 1970, har dokar 1985 ta kafa shirin hayar gonaki masu saurin zaizaya na tsawon shekara goma domin a bar su a ciyawa. Dokar ta iyakance filin da za a shigar zuwa kashi 25 cikin ɗari na gonakin kowace gunduma, don an lura cewa in aka hutar da ƙasa da yawa, mai sayar da taki da makaniken tarakta da makarantar gari su ne suke mutuwa.

Dokar noma ta 1973 ce ta mayar da kuɗin bala'i haƙƙi na dindindin. Manomin alkama ko masara ko auduga da amfaninsa ya gaza kashi biyu cikin uku na abin da ya saba, ko wanda yanayi ya hana shi shuka, gwamnati za ta biya shi ba tare da ya taɓa zuba ko senti ɗaya na inshora ba. Cikin shekara bakwai an kashe fiye da dala biliyan 3, kuma masu binciken kuɗin gwamnati suka koka cewa shirin yana ƙarfafa shuka a filayen da kowa ya san ba za su yi ba. A 1980 aka yi dokar da za ta janye shi, a koma ga inshorar da kamfanoni masu zaman kansu za su sayar, gwamnati tana biyan har kashi 30 cikin ɗari na kuɗin. Manoma ba su saya da yawa ba, kuma suna da hujja. Da babban farin 1988 ya zo, Majalisa ta amince da agajin gaggawa na kusan dala biliyan 4, Shugaba Ronald Reagan, wanda ya yi suna wajen sukar kashe kuɗin gwamnati, ya sa hannu. Wanda ya sayi inshora da wanda bai saya ba duk suka samu. Bayan wannan, wa zai yarda cewa badi ba za a sake ba?

Maganin da aka samo a 1994 da 2000 shi ne a ƙara wa inshorar tallafi har ta yi arahar da ba za a ƙi ta ba. A yau baitulmali yana biyan kimanin kashi 60 cikin ɗari na kuɗin inshorar manomi, kuma wannan tallafi ba shi da iyaka ga mutum ɗaya: mai eka 10,000 yana samun ninkin mai eka 500 sau ashirin. Sauran shirye-shiryen suna da iyaka, wadda dokar 2014 ta sa a wancan lokaci a dala 125,000 ga kowane mutum a shekara, sai dai gonar da aka yi wa rajista da sunan abokan tarayya da yawa tana iya ninka wannan adadi. Tun da wata ƙungiyar kare muhalli mai suna EWG ta fara wallafa sunayen masu karɓa a intanet, gunduma bayan gunduma, alƙalumanta suke nuna cewa kashi 10 cikin ɗari na masu karɓa su ne suke kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na tallafin amfanin gona. Kuma tunda kuɗin yana bin ƙasa, yana shiga cikin farashinta da kuɗin hayarta. Babban manomi yana da abin da zai nuna wa banki ya sayi gonar maƙwabcin da ya tsufa, saurayin da yake son farawa kuwa farashin ya fi ƙarfinsa.

Masu kare tsarin suna da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. Farin da ya kama Oklahoma a 2011 ya yi tsananin da ya sa tsofaffin Boise City suka riƙa kwatanta shi da na ƙuruciyarsu, amma ba a ga yara suna mutuwa da ciwon huhu ba, ba a kuma ga bankuna suna rufewa a jere ba. Ciyawar da aka biya aka shuka ta riƙe ƙasa, inshora ta riƙe bashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda yake raguwa kowace shekara, ya riƙe gonakin da ake yi wa ban-ruwa. Wannan nasara ce ta gaske. Abin da ba za a iya cewa ba shi ne an cimma burin da ake ambata duk lokacin da za a kaɗa ƙuri'a a kan kuɗin, wato tsare ƙaramin manomi da iyalinsa a kan gonarsu.

Makiyaya ma sun ɗanɗani wani abu a wannan fari. Shirye-shiryen agajin dabbobi da dokar 2008 ta kafa sun ƙare ranar 30 ga Satumba 2011, ana tsakiyar bala'in, Majalisa kuma ta kasa yin sabuwar doka sai a watan Fabrairun 2014. Da ta yi, sai ta mayar da shirye-shiryen na dindindin, ta kuma ce a biya asarar da aka yi tun daga 1 ga Oktoba 2011. Wanda yake da jarin da zai sayi ciyawa shekara biyu yana jira, ya karɓi cekinsa da garkensa a tsaye. Wanda ba shi da shi ya riga ya kai shanun kasuwa a farashin fari.

A ƙarƙashin wannan doka, ba likitan dabbobi ba ne yake zuwa gona ya duba haƙarƙarin saniya. Taswira ce take yanke hukunci. Kowace Alhamis masana daga Jami'ar Nebraska da ma'aikatar noma da hukumar kula da yanayi suna fitar da taswirar fari ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fara a 1999, mai matakai daga bushewa kaɗan zuwa fari mafi tsanani. Yadda dokar 2014 ta tsara a wancan lokaci, in wani yanki na gunduma ya yi mako takwas a jere a matakin fari mai tsanani a lokacin kiwo, kowane makiyayin da ya cancanta a gundumar zai sami biyan wata ɗaya, wato kashi 60 cikin ɗari na kuɗin abincin dabbobinsa na wata. In ya kai mataki na ƙarshe ya yi mako huɗu a can, biyan wata biyar ne. Saboda haka makiyayin da ke wannan gefen iyakar gunduma yana iya samu, maƙwabcinsa na ɗaya gefen, wanda ciyawarsa ta ƙone daidai da tasa, ya tashi a tutar babu. Masu zana taswirar sun saba da karɓar hotunan busassun tafkuna da kiran waya daga makiyaya, har da wasiƙun 'yan majalisa, masu neman a ƙara wa gundumarsu duhun launi.